Kofin Ruwa a Kan Ƙafa Uku

SHAFI NA 23

Masu turo saƙo wai na yi shiru, aiki ne ya riƙe ni, ba wulaƙanci ba. Wadda kuma ta ce in daina cin mutuncin Yaya a labarin nan, ban ci mutuncinsa ba, abin da ya faru nake faɗa. Ku karanta.

Kun san inda muka tsaya. Kamfanin gine-ginen nan sun dawo mana da hotunan ma'aikatansu da Yaya ya ɗauka a saman bene. Duk sun yi dishi-dishi, ba ka gane hancin wani daga kunnen wani. Manaja ya ce zai ba mu dama guda mu sake. In aka kuma, zai nemi wasu, kuma zai gaya wa duk wanda ya tambaye shi cewa Hannun Ƙarfe ya ƙare.

Hannun Ƙarfe shi ne Yaya. Sunan da ake kiransa ke nan tun yana saurayi, don bai taɓa ɗora kyamara a kan komai ba sai tafin hannunsa. Ni aikina a situdiyo wankin hoto ne da gyara a kwamfuta. Ɗauka tasa ce.

Na ajiye hotunan a gabansa na ce, "Me ya kawo wannan?"

"Iska."

"Iska ce ta riƙe kyamarar?"

"Auta, ka taɓa hawa benen nan? Iskar can tana iya cire maka hula da kai gaba ɗaya."

Furfura ta cika min gemu, amma har yau Auta yake ce min.

Na ce, "To tunda iska ce, tashi mu je mu sayo ƙafa."

Na faɗa ne ina jiran faɗa. Mutumin da ke kiran ƙafar kyamara sandar guragu. Mutumin da in ya ga mai hoto ya kafa ƙafa uku a wajen taro sai ya je ya yi masa sannu da jiki. Na riga na shirya amsoshina.

Sai kawai ya rataya jakarsa ya ce, "Mu je."

A nan ya kamata in gane. Ban gane ba.

Shagon Dogo yana saman wani tsohon gini, matsattse, fanka ɗaya tana juyawa kamar ba ta so. Dogo muke ce masa duk da kanta ta kusa kai masa ƙirji. A kusurwa ƙafafuwan kyamara ne jingine da bango, manya da ƙanana, wasu a kwali wasu tsirara.

Da ya ga Yaya sai ya leƙa ta taga ya dubi sama.

Na ce, "Me kake nema?"

"Ina duba ko rana ta canja hanya. Maigida, kai ne a shagona? Wajen kayan guragu?"

Yaya ya ce, "Auta na rako. Shi ke so."

"Mai wanki, me za ka yi da ƙafa? Shanya?"

"Dogo, ka fito da kaya, ba surutu muka zo saya ba."

Ya yi dariya ya jawo ta farko. Siririya ce, baƙa, tana ƙyalli. Na ɗaga ta da yatsa biyu.

Na ce, "Wannan ta yi. Ba nauyi. Mutum zai hau bene da ita bai sani ba."

Dogo ya ce, "Iska ma za ta sauko da ita ba ta sani ba. Tsaya ka gani."

Ya buɗe ta, ya miƙe ƙafafun har ƙarshe, ya kafa ta a tsakar shago. Ya shiga bayan kanta ya fito da kofin gilashi da gorar ruwa. Ya cika kofin taf har ruwan ya yi tozo a baki, ya ɗora a kan ƙafar.



Dole in tsaya nan in gaya muku abin da kofi yake nufi a gidanmu. Baba mai hoto ne, shi ya kafa situdiyon. Dokarsa ita ce duk wanda zai taɓa kyamara sai an cika masa kofi taf, ya miƙe hannu ya riƙe har a ce ya sauke. In ko ɗigo ya zuba, ba shi ba ɗauka. Haka ya gwada Yaya, ya ci. Haka ya gwada ni, na jiƙa takalmina, aka tura ni wajen wanki. Da Baba ya tsufa hotunansa suka fara rawa, Yaya ne ya cika kofi ya miƙa masa a gaban kowa. Ruwa ya zuba. Daga ranar Baba ya koma kan kujerar bakin ƙofa yana kallon titi, har Allah ya karɓi abinsa. Kujerar tana nan har yau. Ba mai zama a kai, ba kuma wanda ya iya ɗauke ta.

Dogo bai san wannan ba. Shi kofinsa na gwada kaya ne.

Ya sa yatsa ya ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya. Ruwan ya yi tsalle ya zubo ta gefe, kuma bayan ya janye hannu ya jima yana kaɗawa.

"Ka gani? Yatsa ke nan. Ina ga iska."

Na ce, "Amma a kwalin an rubuta tana ɗaukar babbar kyamara."

"Kwali ba ya jin kunya. Duk abin da suka rubuta, ka yarda da rabi. Kan nan ma roba ne, ka ɗora kyamara mai dogon gilashi sai ya dinga sunkuyawa kamar mai gyangyaɗi."

Yaya yana tsaye nesa, ya rungume jakarsa, yana kallon wani hoton talla a bango.

Dogo ya kawo ta biyu. Wannan ta fi kauri, alminiyam ce, amma gajera. Ya kama sandar tsakiya zai ja ta sama don ta kai tsayin ido.

Daga bayanmu Yaya ya ce, "Kada ka ɗaga wannan."

Muka juya.

"Sandar tsakiya ita ke kawo rawa. In ka ɗaga ta, ƙafa ɗaya ka kafa a kan uku. A nemo wadda ta kai ido ba sai an ɗaga ba."

Dogo ya dube ni, na dube shi.

Ya ce, "Gaskiya ne. To ga wannan."

Ta uku doguwa ce, mai launin toka, ƙafafunta kamar hannun tabarya. Na ɗaga ta na ji ta a kafaɗa.

Na ce, "Wannan ai hukunci ce. Wa zai hau bene da ita?"

Yaya ya ce, "Kai. Me kake yi da ƙarfinka?"

Ya matso. Bai taɓa ta ba, da ido yake bin ta.

"Fara buɗe masu kaurin, siraran daga baya. Tana da ƙugiya a ƙasa?"

Dogo ya nuna masa. "Ga ta. Ka rataya jakarka a nan ta ƙara danne ta."

"Takalmin fa? Saman benen siminti ne mai santsi."

"Roba ce mai kamawa. In ƙasa ce ka murza, ƙusa ta fito."

"Maƙullan ƙafar na murɗawa ne?"

"Na murɗawa ne."

"Ba na so. Akwai irinta mai harshen da ake dannawa?"

"Akwai. Amma na murɗawa sun fi daɗewa, Maigida."

"Na ce ba na so."

Dogo ya shiga ciki neman ta. Na juya na dubi Yaya sosai.

"Yaya."

"Na'am."

"Yaushe ka yi karatun sandar guragu?"

"Ido gare ni. Ina ganin masu yi."

"Ido ne ya gaya maka maƙullin murɗawa ba daɗi?"

"Auta, ka cika tambaya kamar ɗan sanda."

Dogo ya fito da ita, irin waccan sak, sai dai maƙullanta na dannawa ne. Ya kafa ta, ya dafa kan ƙafar da hannu biyu ya murɗa hagu da dama. Ko gezau. Ya sake cika kofi ya ɗora, ya ƙwanƙwasa ƙafa. Ruwan ya ɗan yi rawa sau ɗaya ya kwanta. Ya ƙara bugawa da ƙarfi. Ko ɗigo.

Ya ce, "Wannan ko bori kake a gefenta ba ruwanta. Saura abu ɗaya. Ba na sallamar ƙafa sai na ga kyamarar mai ita a kai. Maigida, kawo."

Ya sauke kofin ya ajiye a kan kanta.

Yaya ya ce, "Ba sai an gwada ba."

"Sai an gwada. Gilashinka mai tsawo ne, in ga ko kan zai riƙe."

"Zai riƙe."

"To me zai hana mu gani?"

"Na ce a bari."

Sai a lokacin abin ya dawo min. An daɗe rabon da Yaya ya miƙo min kyamara. Da in ya dawo daga aiki kan teburina yake dire ta, ya ce in goge in cire katin hotuna. Yanzu kati kawai yake ajiye min, kyamara tana jaka, jaka tana jikinsa. Aikin waje ma ya daina tafiya da ni, wai in tsare situdiyo.

Na miƙa hannu na ce, "Yaya, ba ni jakar."

"Kai wa?"

"Ni Auta. Ba ni."

"A gaban mutane za ka yi min rashin kunya?"

"Dogo ba mutane ba ne."

Dogo ya ce, "Na gode."

Ba ƙwacewa na yi ba, kada wata ta sake rubuto min. Na riƙe igiyar jakar ne kawai ban saki ba. Muka tsaya a haka. Can sai ya sake ta.

Kyamarar tana naɗe cikin tawul. Na warware na miƙa wa Dogo. Ya juya ta zai ɗaura farantin sabuwar ƙafar a gindinta, sai ya tsaya.

Akwai wani faranti a wurin.

Ga waɗanda ba su sani ba, kowace ƙafa tana da ɗan faranti da ake ɗaurewa a ƙarƙashin kyamara, shi ke shiga kan ƙafar ya kama. Wanda ba ya aiki da ƙafa ba abin da zai haɗa shi da shi. Wannan na roba ne, gefensa duk ya goge saboda sakawa da cirewa. Ramin sukurun da ke ɗaure shi kuwa duk ƙarce, kamar kaza ta yi tono.

Dogo ya ce a hankali, "Wannan ba kayana ba ne."

Ya ajiye kyamarar ya ce bari ya duba wani abu a ciki. Bai je ko'ina ba, bayan labule ya tsaya, ina hango ƙafafunsa.

Na ce, "Tun yaushe?"

Yaya ya jawo kujerar roba ya zauna.

"An jima."

"Ina ƙafar take?"

"Cikin jakar lemar fitila. Ba ka taɓa buɗe ta."

"A ina ka saya?"

"Bakin titi, can nesa, inda ba a san ni ba. Na zaɓi wadda za ta ɓuya, ban zaɓi wadda za ta tsaya ba. A cikin ɗaki tana yi. Da na hau benen nan sai ta dinga rawa kamar tsintsiya. Na danne ta da hannu don ta tsaya."

Sannan ya ce, "Sai muka haɗu muna yi tare."

Ya zaro hannunsa na dama daga aljihu ya ɗora a gwiwa. Na kalla. Ba rawa ce babba ba. Babban yatsa ne da na kusa da shi ke motsi, kamar yana murza wani abu da ba a gani.

Na ce, "Me ya sa ba ka cire farantin ba? Ai da ban gani ba."

"Ka ga ramin sukurun? Kwabo ake sawa a murɗa. Na yi ta gwadawa. Kwabon ba ya shiga."

 

Na ce, "Ka ga likita?"

"Na gani. Ya ce ba ta kisa, ba ta kuma tafiya. Ya ba ni magani, wata rana ta lafa wata rana ta tashi."

"Matarka ta sani?"

"Ita ke sa min maɓallin riga."

"Ma'aikatan kamfanin sun gan ka da ƙafa?"

"Su me suka sani? A wurinsu kowane mai hoto haka yake. Ba su nake ɓoye wa ba."

"Wa kake ɓoye wa?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Kai."

"Ni? Me na taɓa yi maka?"

"Ba ka yi ba. Amma kai ba ka iya ganin abu ka yi shiru. Kuma kana wurin ranar Baba."

Labule ya motsa, Dogo ya fito yana gyaran murya. Ya ɗauki kwabo a kan kanta, ya kwance tsohon farantin ya jefa a kwandon shara, ya ɗaura sabo na ƙarfe. Ya ɗora kyamarar a kan ƙafar, ta shiga ta ce ƙas. Ya saki hannu. Gilashin nan mai tsawo ya tsaya cak yana kallon ƙofa.

Ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri, kunnena ba ya rufuwa. Ban san maganar Baba ba, amma kaya na sani. Wannan farantin yana da kunne, da yatsa ake juya shi, ba ruwanka da kwabo. Ga kuma ɗan madanni mai waya, ka riƙe a aljihu ka danna, hannunka ba zai taɓa kyamara ba sam. Kai dai ka tsara mutanenka, ka duba haskenka. Wa ya kai ka iya wannan a garin nan? Rabin masu hoton da ke zuwa nan hannunsu lafiya lau, hotonsu kuma kamar an tsorata mutane."

Na ce, "Ka ji. Magana ta ƙare."

Yaya ya tashi ya zo gaban kyamarar. Bai sunkuya ba, bai yi ɗage ba, ta zo masa daidai ido. Ya leƙa. Ya jima yana leƙawa. Na ga kafaɗunsa sun sauko, abin da na daɗe ban gani ba.

Ya ce, "Tsaye take."

"Tsaye take, Yaya."

"Ko numfashina ba ta ji."

Ya ja da baya. Sai idonsa ya sauka kan kanta, inda kofin yake cike taf.

Ya ce, "Auta, miƙo kofin nan."

"Na me?"

"Ka sani."

"Ban sani ba."

"Doka ce. Ba ni na kafa ta ba, amma ni na aiwatar. Miƙo."

Dogo yana kallonmu, bai gane ba, amma ya daina murmushi.

Ni ba mai dogon tunani ba ne. Abin da na gani a idona kujerar bakin ƙofa ce, da Yaya a kai yana kallon titi. Na ɗauki kofin. Ya zuba min a yatsu kamar yadda ya zuba tun ina yaro. Na kafa kai na shanye tas, na dire shi.

Na ce, "Ƙishi nake ji."

Dogo ya ce, "Mai wanki, ruwan gwaji ne fa, tun safe yake a gora!"

"Ya yi daɗi. Naɗe mana ƙafar nan, da madannin. Ni zan ɗauka, ni zan hau da ita, ni zan kafa. Shi ya danna."

Dogo ya fara neman jakarta yana dariya. Ni ma na yi. Na ɗauka an wuce wurin.

Yaya bai yi dariya ba.

Ya ce, "Akwai abin da ba ka ji ba ranar. Ka fita ɗauko tsumma ka goge ruwan."

Na tsaya.

"Da ruwan ya zuba, Baba ya dube ni ya ce, to a sayo min ƙafa mana, idona ai lafiya lau."

Fanka tana juyawa. Dogo ya saki jakar.

"Me ka ce masa?"

"Na ce situdiyon nan ba ya aiki da sandar guragu."

Na ce, "Yaya, wannan ya wuce. Baba ya tafi."

"Ya tafi daga kan kujera."

"To sai me? In ka zauna a kai zai dawo?"

"Ba zai dawo ba."

"Ni ban iya tsara mutum uku a hoto ba, ka sani. In ka ajiye, aikin benen ya tafi, situdiyo ya bi shi."

"Na sani."

Ya sa hannun hagu ya tura kofin gaban Dogo.

"Cika shi."

Dogo ya dube ni. Na girgiza masa kai.

Yaya ya ce, "Kada ka dube shi, ni na ce. In bai zuba ba, mu ɗauki ƙafar nan in hau bene. In ya zuba, kyamara ta Auta ce."

Na ce, "Zan sake shanyewa."

"Ba za ka sha ba."

"Me zai hana ni?"

"Baba bai samu mai shanye masa ba."

Hannuna ya tsaya a inda yake.

Yaya ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙe hannun dama.

Dogo ya buɗe gorar.